Ɗan Gari da Idon Baƙo

Kwanakin baya ɗan ƙanena ya kira ni a waya ya ce, "Bappa, takarduna sun fito. Kafin in tashi zuwa Ingila ina so ka raka ni Yola, kwana uku kawai, in ga gari." Ma'aikacin jinya ne. A Luggere cikin Jimeta aka haife shi, iyayensa kuwa suka ƙaura Abuja yana ɗan shekara goma sha biyu. Kalmar nan tasa, "in ga gari", ita ta tsaya mini a rai, domin bai ce zai je gida ba. Da muka sauka, otal ya nufa, sa'an nan ya nuna mini jerin wuraren da zai ziyarta, a rubuce cikin wayarsa. Tun daga ranar nake juya wannan tambaya: ko ya dace mutum ya shiga garin da aka binne cibiyarsa kamar ɗan yawon buɗe ido?

Bari in fara da gaskiyar da ke wajensa, gama yana da ita. Sabo yakan makantar da mutum. Ni kaina na haye gadar Jimeta sau ba adadi, ban taɓa tsayawa na dubi Binuwai ba, sai da yaron nan ya sa muka tsaya da sassafe muna kallon masunta cikin kwale-kwale. A ƙofar fadar Lamiɗo ya fara jin cewa Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, Turawan Ingila kuma suka ci garin da yaƙi a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. Ya ji yadda Jimeta ta bunƙasa saboda jiragen ruwa na kamfanonin Turawa, waɗanda sukan hauro idan kogi ya cika da damina, da yadda Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, kafin a raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a 1991. Abin da bai sani ba cikin shekara goma sha biyu, idon baƙo ya koya masa cikin kwana biyu.

Amma wannan ido yana da iyaka. A watan Yuni na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Yola daga Borno. Lamiɗo Lawal bai amince da shi ba, bayan 'yan kwanaki aka sallame shi. Barth ya duba, ya rubuta, ya tafi, har yau masana suna amfani da rubutunsa. Ba mai zarginsa da butulci, domin Yola ba ta goya shi ba, ba ta kuwa bin sa bashin kome. 'Yancin baƙo ke nan: ya zaɓi abin da zai gani, ya kau da kai daga sauran. Ɗan gari ba shi da irin wannan 'yanci.

Na sake duba jerin nan na ɗana. Akwai Tafkin Geriyo, da babbar kasuwar Jimeta, da fada, da gada, amma babu sunan mutum ko ɗaya. Babu kuma abin da garin ya sha a bayansa. A 2012 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki bayan an sako ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka kwararo Yola. Waɗansu suka sauka a sansanin Malkohi, waɗansu a harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa, da yawa kuwa a gidajen talakawa waɗanda suka raba tabarma da tuwo da su. A Nuwamba 2015 bom ya tashi a Jimeta ya kashe mutum fiye da 30. Waɗannan ba su yin kyau a hoto, amma a cikinsu ne ake sanin halin gari.

A rana ta uku muka je Luggere. Yana tsaye yana ɗaukar hoton darbejiyar ƙofar tsohon gidansu, sai wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke kusa, ta kira shi da sunansa na ƙuruciya. Maƙwabciyarsu ce, Bafulatana Musulma, wadda takan goya shi idan mahaifiyarsa ta tafi aiki. Ta ce, "Ɗana, kwana nawa ka yi a gari?" Ya ce, "Uku, Dada." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, gari ka zo gani. Da mu ka zo gani, da nan ka fara sauka." Ba da faɗa ta faɗi haka ba, har ta shiga ta kawo mana fura. Yaron ya sa wayar a aljihu, ya durƙusa. A nan ya ji cewa ɗanta, abokin wasansa, ya rasu shekara uku da suka wuce. A nan kuma ya ga maganin hawan jininta ya ƙare tun makon jiya, shi da zai ƙetare teku ya yi jinyar tsofaffin waɗansu.

Ya kai mai karatu, ban ce kada a tafi ba. Kakanninmu fatake sun je Gwanja neman goro, 'yan ci-rani kuma ba yau suka fara ba. Sai dai mai tafiya a dā yakan bi gida gida ya yi bankwana: ya nemi gafara, ya karɓi albarka, ya bar amana a hannun wani, ya ɗauki ta wani. Mai kallo yana tara abin da zai tafi da shi. Mai bankwana yana lissafin abin da ake bin sa. Mu tuna da Nehemiya, wanda ya zo daga fadar Shushan ya zaga garun Urushalima da dare. Shi ma dubawa ya yi, amma dubawar ta ƙare da ɗaukar nauyi.

Saboda haka amsata ita ce: ka shiga garinku da idon baƙo idan shi zai buɗe maka ido, amma kada ka fita da zuciyar baƙo. Ka sa sunayen mutane a jerinka gaba da sunayen wurare.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A filin jirgin sama ɗana ya miƙa mini kuɗin maganin Dada na wata uku, ya ce zai riƙa aikowa. Ko zai cika, lokaci ne zai nuna, gama nesa takan sanyaya alkawari. Ni dai na karɓi amanar, kuma na gaya masa zan riƙa tuna masa.