Barin Keke Don Tsoron Mota: Rashin Tawakkali Ne?

A kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, keke shi ne dokin talaka. Yau dattawa da dama sun jingine nasu saboda tsoron manyan motoci. Wasu suna cewa wannan raunin imani ne, tunda ajali ba ya wuce lokacinsa.

To, ba haka ba ne. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah.

Abin tuhuma shi ne direban da ya mai da hanyar jama'a tasa shi kaɗai, har ya tilasta wa talaka tafiyar ƙasa. Ya sani cewa aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara ko a kan kisan kuskure. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya tsare kowace kwana ba. Tsoron Allah ne zai sa direba ya taka burki.

Allah Ya kiyaye mu, amin.