Ya Tashi Daga Jinya, Amma Ya Warke?

Ya kai mai karatu, a karkarar Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, ba a auna namiji sai da yawan kunyar da ya huɗe kafin rana ta take. To, yaya za mu auna wanda ya tsira daga cuta, amma garma ta gagare shi?

A watan Afrilu na 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a Kano. Waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗansu Allah ya tashi kafaɗunsu. Akwai wani baffana cikin waɗanda suka tashi. Da damina ta faɗi ya ɗauki garma, amma bai kai ƙarshen kunya ta biyu ba sai haki ya durƙusar da shi. Nan fa tsegumi ya tashi, wai ya saba da kwanciya ne.

Alhali kuwa numfashi aiki ne na tsoka. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ke janyo iska cikin huhu, kimanin sau 20,000 a kwana guda. Doguwar jinya kan raunana ta. A 2023 likitoci a birnin Aachen na Jamus sun bayyana cewa sun tarar da wannan rauni a jikin waɗanda aka kwantar saboda korona, wata 15 bayan an sallame su.

Ga inda gizo ke saƙar. Mun iya tausayin ciwon da ido ke gani. Mai karaya, ana ganin tsinken ɗori sai a yi masa gayya. Mai raunin numfashi kuwa ba jini, ba kumburi, shaidarsa bakinsa kaɗai. Wani zai ce, in aka gaskata kowa, ai ragwaye za su fake da haki, gandu ya kwanta. Gaskiya ne, amma mu auna kuskuren biyu. In muka gaskata rago, asararmu dami kaɗan ce. In muka ƙaryata majinyaci, mun haɗa masa ciwo da zubewar mutunci, wataƙila ma kunya ta tura shi gona ya faɗi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka a kai irin su baffa asibiti a duba su, a ba su aikin da ƙirjinsu zai ɗauka, kamar zaɓen iri da kula da dabbobi. Wanda ya ci shekara arba'in yana ciyar da gida da guminsa, ya cancanci a yarda da maganarsa.

Allah ya sa mu gane.