Ko Ya Kamata A Sayar Da Gona Domin Digirin Digirgir?

Wani dattijo a Fammar ta ƙasar Kibiya, wanda ya koyi karatu da rubutu a ajin Yaƙi da Jahilci bayan ya yi furfura, ya kawo mini wata magana da ta hana shi barci. Ɗansa ya gama digiri na farko da na biyu, yanzu kuwa yana son na uku, watau digirin digirgir, wanda in mutum ya samu sai a riƙa ce masa Dokta. Kuɗi kuwa babu, sai gonar gado. Ya ce, "Malam, daidai ne in sayar da ita?"

To, kafin a yanke hukunci sai a san abin da za a saya. Wannan karatu ya sha bamban da wanda muka saba, inda malami ke faɗa ɗalibi na rubutawa. A nan ɗalibi ne zai zo da wata tambaya wadda ba a riga an amsa ta ba, ya yi ta bincike, ba kasafai kuwa a kan gama ƙasa da shekara 3 ba. Sa'an nan ya rubuta kundi, a ɗauko masani daga wata jami'a dabam ya titsiye shi da tambayoyi. Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk su kan yi shelar ɗaukar ɗalibai, mai so ya cika fom ta intanet, ya aika da sakamakon jarrabawarsa na baya, da shaidar malaman da su ka san shi, da 'yar takardar da ke bayyana abin da zai bincika. Wannan 'yar takarda ita ce gishirin miyar.

Saboda haka na ce wa dattijon ya tambayi ɗansa, me ya ke so ya gano? In ya yi ta kame-kame, ya ce shi dai a ce ya zama Dokta, lalle suna ya ke nema, suna kuwa bai kai gona ba. Amma in ya ce, "Baba, so na ke in san abin da zai kashe ƙudujin da ke cinye mana dawa," to, magana ta sake. Manoman Rano da Kibiya da su ka manyanta ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta tsugunar da gyaɗa a ƙasar Hausa. Masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da abokan aikinsu ne su ka yi shekaru suna wahala, har su ka fito da irin da ke jure wa cutar. Wanda ya shuka irin nan ya ci moriyar kundin wani, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Sai kuma maganar malami, wadda samarin yanzu ke wasa da ita. Su kan zaɓi jami'a don girman sunanta, ko don tana Ingila, ba su tambayi wa zai duba aikinsu ba. Magabatanmu ba haka su ka yi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas domin malamin ne, ba domin garin ba. Ƙanensa Abdullahi kuwa littafi guda ya wallafa don lissafa waɗanda ya yi karatu a wurinsu. Mai neman digirin digirgir ma wajibi ne ya karanta abin da malamin ya rubuta, ya aika masa da wasiƙa cikin ladabi, ya kuma tambayi tsofaffin ɗalibansa, shin ya kan karanta aikin ɗalibi da wuri, ko sai takarda ta yi ƙura a tebur? Na ga mai ƙwazo da ya tsufa a karatu don wannan kaɗai.

Duk da haka ban yarda a sayar da gonar ba, ko da tambayar yaron ta yi kyau. Gonar gado ba ta mutum ɗaya ba ce, akwai haƙƙin ƙanne mata da na jikokin da ba a haifa ba. Ga shi kuwa akwai ƙofofin da bai ƙwanƙwasa ba. Asusun TETFund ya kan ɗauki nauyin malaman manyan makarantun gwamnati, don haka wanda ya fara kama aikin koyarwa a kwaleji ya kan sami hanya. Akwai kuma tallafin karatu na ƙasashe rainon Ingila, wanda a ka kafa tun 1959. Jiran shekara biyu yana da ɗaci ga saurayi, na sani, musamman in sa'o'insa sun riga shi.

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai ba da jinginar amfanin bana kaɗai, a biya kuɗin fom da na mota zuwa Zariya. Amma sai yaron ya fara karanta masa takardar binciken da Hausa tukuna, a zaure, gaban baffanninsa.