Shin So Yana Maganin Kaɗaici?

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato shin so yana maganin kaɗaici ne, ko kuwa tona shi kawai yake yi? Ban ga waɗanda suka yi kokawa da wannan tambaya kamar mawaƙan Farisa na ƙarni na ashirin ba, don haka ta bakinsu zan nemi amsa.

Mawaƙansu na dauri ba su sha wahalar amsa ta ba. Jalaluddin Rumi ya buɗe Masnawi da kukan sarewa, karan da aka sare daga cikin 'yan'uwansa yana begen asalinsa. Duk wanda ya saba da waƙoƙinmu na bege ya san irin wannan kuka: rabuwa ce mai zafi, amma mai kukan ya san wanda yake nema, kuma yana sa ran saduwa. Da Nima Yushij ya fito da waƙarsa Afsana a 1922, daga baya kuma ya saki waƙa daga tilascin daidaita tsawon baitoci na aruli, sai aka sami mawaƙan da masoyinsu ɗan Adam ne mai suna da adireshi, wanda yana iya gajiya, yana iya tafiya.

Ahmad Shamlu, wanda ya sha ɗauri bayan juyin mulkin 1953 da ya kifar da Musaddiƙ, ya amsa da "i". Da siyasa ta ci amanarsa sai ya fake a wurin matarsa Aida, har ya sa sunanta a littafinsa na 1964. Suhrab Sipihri na Kashan kuwa bai ɗauki kaɗaici a matsayin ciwo ba. Abokin hirarsa ruwa ne da itatuwa. Ina ganin girmansu duka biyu, amma, a ra'ayina, kowannensu ya sami inuwa ne ya zauna.

Wadda ta tsaya a rana ita ce Furug Farrukzad. Ta yi aure tana 'yar shekara 16, auren ya mutu a 1955, aka raba ta da ɗanta guda ɗaya. Dubi sunayen littattafanta na farko, ya kai mai karatu, ka ji ma'anarsu: Fursuna, Bango, Tawaye. A cikinsu mace ce ke faɗin so da bakinta, abin da ya ja mata zagi a Tehran ta wancan zamani, tana kuma zaton ranar da ta sami masoyi na gaskiya bangon zai rushe. To, ta samu, kuma littafinta na 1964, Sabuwar Haihuwa, ya nuna ta samu. Amma bangon bai rushe ba. Abin da ta gane shi ne mutum yana iya zama kusa da wanda yake so, hannu cikin hannu, alhali akwai wani ɗaki a ransa wanda ba mai shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne nake ganin maganar ta shafi ɗabi'a. Idan na ce wa wani, "Kai ne maganin kaɗaicina," na ɗora masa kayan da ba ɗan Adam ɗin da zai iya ɗauka, kuma ranar da ya kasa zan kira shi maci amana, alhali ni na zalunce shi. Da yawa daga abin da muke kira so a ɗakunan kwananmu na jami'a wannan ne, tsoron zama shi kaɗai. Wani zai ce ai wannan ra'ayi yana kashe zuciya. Ni ban ga haka ba, domin Furug ba ta daina so ba. Ta daina neman biya ne kawai.

A 1962 ta tafi wani sansanin kutare kusa da Tabriz, ta zauna cikin mutanen da duniya ta guje su, ta shirya ɗan gajeren fim a kansu ba tare da ta kawar da ido daga fuskokinsu ba. Da za ta koma gida ta ɗauki wani yaro, ɗan kutare, ta riƙe shi kamar nata. Ta rasu a haɗarin mota a watan Fabrairu 1967, tana da shekara 32, yaron yana gidanta.