Katifa ɗaya, jiki biyu

A ƙasar Hausa iyayen amarya ne ke sayen gado da katifa, ba tare da sanin yadda ma'auratan ke kwanciya ba. Mai kwanciya ta gefe yana bukatar taushi domin kafaɗa da ƙugu su nutse. Mai kwanciya rubda ciki kuwa, taushin lanƙwasa masa baya yake yi.

To, wa zai haƙura? Akan ce a ɗauki matsakaiciya, kuma shawarar tana da madogara: binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2003, kan mutum 313 masu ciwon baya a Sifaniya, ya nuna ta fi mai tauri sauƙaƙa ciwo. Sai dai raba wahala daidai ba adalci ba ne idan ɗaya na da juna biyu, ɗaya kuma lafiyarsa lau.

Kawaici ya fi tsananta lamarin. Mace kan shekara tana tashi da ciwon kafaɗa, kunya ta rufe mata baki, miji ya ɗauki shirunta a matsayin yarda. Jamusawa da yawa kan jera katifa biyu cikin gado ɗaya. A nan, uwar miji in ta leƙa ta ga haka, sai ta tambaya ko lafiya.