Ma'aikatan Jinya na Gwale, Ku Tashi Ku Ƙaro Karatu

Duk lungun da ke da nas a cikin birnin Kano, mutanen lungun sun san ƙofar gidanta fiye da yadda suka san ƙofar asibiti. Daga Mandawari zuwa Diso, daga Galadanci zuwa Gyaranya da Sani Mainagge, haka abin yake. Ta taso daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba za a yi sallama: yaro ne jikinsa ya yi zafi tun azahar, ko Hajiya ce kanta ke sarawa ana so a auna mata jini, ko kuma amarya ce mai cikin wata bakwai ƙafafunta sun kumbura, uwar miji tana cewa ai kowane ciki haka yake. Nas ɗin ce za ta ɗaura abin awo a damtsen yarinyar, ta dubi lambar, ta tambaye ta ko tana ganin dishi-dishi, sannan ta juya ga mijin ta ce, "Malam, yanzu-yanzu za ka nemo Adaidaita, ba gobe ba." Sau da yawa wannan magana guda ce take raba mace da jijjiga.

Da ku nake, 'yan'uwa mata da maza masu farin kaya, ungozomomi, da ku jami'an lafiya na matakin farko. Aikin da kuke yi wa unguwa kyauta, na kula da iyali tun daga jariri har kaka, a wasu ƙasashe matsayi ne babba mai digiri na biyu. A Amurka, tun 1965 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas a Jami'ar Colorado don horar da nas-nas su riƙa duba marasa lafiya a wuraren da likita ya yi ƙaranci. Yau irin waɗannan nas-nas suna duba mutum, su tura shi gwaji, su rubuta magani, a jihohi da dama ma ba tare da likita na tsaye a kansu ba. Mu ma a nan, a 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin rarraba wasu ayyukan likitoci ga nas-nas da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma, domin kowa ya ga likitocin ba za su wadatar ba. Nauyin dai ya riga ya hau kanku. Abin da ya rage shi ne ilimin da zai ƙara wa hannunku tabbaci, da takardar da za ta sa a biya ku gwargwadon wahalarku.

Kuma ƙasar nan tana bukatarku fiye da kowane lokaci. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ku da kuka tsaya, ku kuka ga mashaƙo ya cika gadajen Kano a 2023, ku kuka yi ta ɗaura ruwa har gari ya waye. Bai kamata mai irin wannan juriya ta shekara ashirin a mataki guda, tana koya wa sabbin zuwa aiki, su zo su wuce ta don kawai suna da digiri ita ba ta da shi ba.

A da uzurin yana da ƙarfi. Lokacin da Jami'ar Ibadan ta fara digirin aikin jinya a 1965, wace matar aure ce daga Dandago za ta bar miji da 'ya'ya ta tafi can ta yi shekaru? Yanzu karatun ne ya biyo ku har tsakar gida. Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka sake farfaɗo da ita a 2002, tana da digirin aikin jinya ga waɗanda suka riga suka yi rajista, kuma tana da cibiya a nan Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyarwa daga nesa da ke ba da irin wannan digiri ta intanet. Jami'ar Bayero, wadda tsohon mazauninta yake cikin ƙaramar hukumarmu, tana da sashen aikin jinya ga mai iya zama a aji. Wanda kuma yake son ƙwarewa a fanni guda, ga makarantar jinyar ƙashi a Asibitin Dala, ga kwasa-kwasan gaba da rajista a Asibitin Malam Aminu Kano. Jami'in lafiyar al'umma shi ma yana da nasa tsanin, har ya kai matsayin babban jami'i mai riƙe da asibitin unguwa.

Kada wani ya ce muku karatu daga nesa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa horar da jajoji suna ɗaukar karatu su kai wa 'yan taru a ƙauyukansu, saboda ta san mace mai ɗawainiyar gida ba za ta iya barinsa ta zo Sakkwato ba. Wayar da ke aljihunku tana iya yin aikin da jaji ta yi da ƙafa.

Sai dai inda ƙofa ta buɗe, ɓarayi ma sun ga hanya, kuma nan nake so ku tsaya ku saurara da kyau. Za ku ga talla a Facebook ko a zauren WhatsApp na 'yan ajinku: zama babbar nas ta iyali daga Amurka, kina kwance a ɗakinki, cikin rahusa. Kwasa-kwasan gaskiya na irin wannan suna nan, amma an gina su ne don mai lasisin aikin jinya na Amurka. Darasi ne kawai ake ɗauka ta kwamfuta. Dole ɗalibi ya yi aƙalla awa 500 yana duba marasa lafiya a ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan ya zauna jarrabawar hukumar can. Kuɗin kuma da dala ake biya, dalar da ta haura Naira 1,500 a 2024, a jihar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Naira 71,000 a wannan shekarar. Ko da kin sayar da filin gado kin biya, takardar ba ta da gurbi a tsarin albashinmu. 'Yan'uwanmu da suke can da zama, su abin da ya dace su bincika shi ne ko hukumomin tantancewa irin su CCNE ko ACEN sun amince da kwas ɗin, da kuma wa zai samo musu asibitin horo, makaranta ko su da kansu, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke maƙalewa. Ke da kike Kabuga, hanyarki tana gida.

Jabu kuwa ba ya da ƙasa. A Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu uku a jihar Florida da aka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 da sunansu, waɗanda suka saya suka wayi gari lasisinsu yana rawa. A ƙarshen wannan shekarar, ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, masu gaskiya da marasa gaskiya duk abin ya shafe su. A aikinku kuma asarar ba ta tsaya kan kuɗi ba. Akawu mai takardar bogi lissafi zai ɓata. Nas mai takardar bogi allura za ta yi wa ɗan mutane.

Saboda haka idan ana maganar araha, ba ƙaramin adadin da aka rubuta a talla ake nufi ba. Makaranta mai araha ita ce wadda albashinki zai iya ɗauka daga zangon farko har na ƙarshe, wadda kuma takardarta za ta yi aiki ranar da kika miƙa ta. Ki tambaya ko Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba sunan jami'ar kawai ba, domin jami'a tana iya zama halastacciya alhali wani kwas nata bai samu izini ba. Ki tambaya ko hukumar jinya ta san da shi. Ki nemo wadda ta gama a can, ki zauna da ita, ki ji shekara nawa ta yi a zahiri, da yadda sakamako yake fitowa, da ko takardar ta ɗaga mata mataki. Sannan ki ɗauki biro ki tara komai: kuɗin rajista, kuɗin kowane darasi da na jarrabawa, data, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, kwanan Zariya idan ya kama, da makonnin horo a asibiti. Duk makarantar jinyar da ta ce miki babu horo a gaban gadon mara lafiya, ki rufe shafinta. Duk wanda ya ba ki lambar asusunsa ya ce ki turo zai shigar da ke, ki bar shi da abinsa. Makarantun gwamnatin tarayya ta hanyar hukuma ake biyansu, da sunanki, da rasit.

Akwai abu guda da ake yawan yin sakaci da shi, ya zo ya zama kuka daga baya: izinin wurin aiki. Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta takardar neman izinin ƙaro karatu, ta bi ta hannun shugabanninki, ki karɓi amsa a rubuce ki adana. Ana iya gama karatu lafiya, ranar neman ƙarin girma a ce ba a san da tafiyarki ba.

Kuɗin fa? Ba sai an tara shi gaba ɗaya ba, zango-zango ake biya. Kun fi kowa iya adashi. Wanda ake yi don kayan ɗaki da ankon biki, a yi irinsa don makaranta, a tsara kwasar kowa ta zo daidai da lokacin rajistarta. Ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata tana nan. Abin da nake roƙonku ku guje masa shi ne bashin manhajojin waya mai ruwa, wanda zai cinye albashi ya kuma bi lambobin danginku da saƙon tozarci.

Lokaci ya fi kuɗi wuyar samu, na sani. Amma ku dubi dutin dare. Wajen ƙarfe biyu, an gama ba da magani, an duba ruwan kowa, masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a baranda sun yi barci, fanka tana juyawa idan da wuta. Sista tana zaune a tebur, littafin rahoto a gefe, kunnenta yana kan gadon da ta fi damuwa da shi. A irin wannan sa'a ce wata take buɗe darasin da ta sauke tun da rana, ta karanta shafi huɗu a kan yadda magani ke aiki a ƙoda, ta tashi ta je ta duba tsohon da ke gado na shida, ta ga abin da ta karanta a jikin mutum. Ɗalibin da ya shigo jami'a daga sakandare ba shi da wannan gata. Ku kun ga cutar kafin ku karanta sunanta, shi ya sa karatun zai zauna muku fiye da yadda kuke tsoro. Turancin littafin da kwamfutar jarrabawa su ne ke firgita manya, kuma dukansu da sabo ake cin su. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku tsayar da rana guda a mako, ƙaramar cikinku ta koya muku latsa kwamfuta, ku kuma ku koya mata abin da shekaru suka koya muku. Gemu ba ya hana ilimi, jika a baya ma ba ya hanawa.

Ku kuma mazajensu, wannan tafiya da ku za a yi ta. Wanda ya riƙe yara ranar jarrabawa, ya sayo data, ya yi haƙuri da tuwon da ya makara, yana da lada a duk ran da hannun matarsa ya ceta. Iyayenmu metiron-metiron masu tsara jadawalin aiki, ku sassauta wa mai jarrabawa, ku musanya mata duti, domin ɗakin da kuke shugabanta ne zai fara cin amfanin abin da ta koyo. Masu unguwanni da attajiran Gwale da ke neman inda za su yi sadaka mai gudana, ga 'yar lungunku da kuke buga wa ƙofa da tsakar dare. Kuɗin zango guda ba zai gagare ku ba.

A wannan makon, ki buɗe akwati ki fito da takardar rajistarki da sakamakon sakandare. Ki duba ko lasisinki yana da sauran kwana, idan ya ƙare ki sabunta shi, don za a tambaya. Ki rubuta takardar neman izini, ki kai ofis da kanki. Ranar da ba ki da duti, ki je cibiyar NOUN ko ki buɗe shafin Jami'ar Ahmadu Bello na gaskiya, ki samo jerin kuɗin bana a rubuce, ki dawo ki kira abokan adashinki ku tsayar da wadda za ta fara kwasa.