Tawakkali Da Ganganci A Bakin Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya zama al'ada ga samarin Hotoro da Tarauni da Gyadi-Gyadi, idan hutun Salla ya zo, su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota su fita bayan gari. Waɗansu sukan tsaya a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Masu ƙarfin aljihu kan zarce har matsirgar da ke kusa da Kafanchan, ko ta Gurara a Jihar Neja, su sauka daga mota su bi 'yar hanya a ƙasa cikin itatuwa, har su isa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, su yi wanka a gurbin da ke ƙarƙashinsa.

Ita kanta fitar ba abin zargi ba ce. A aya ta 20 ta Suratul Ankabut Allah Ya umarci bayinSa su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda Ya fara halitta. Yaron da ya tashi tsakanin kwalta da bulo, bai san ruwa ba sai na famfo da na 'yan garuwa, in ya tsaya gaban kogi yana faɗowa da rugugi, lalle zai ji ƙanƙantar kansa da girman Mahalicci. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin gurbi. Saurayi bai iya iyo ba, abokai na yi masa kirari, wani mai hankali ya ce ya dakata, sai ya amsa da cewa in kwana bai ƙare ba ruwa ba ya cin mutum. Maganar tana da kama da imani, don kuwa babu rai da zai mutu kafin ajalinsa. To, shin wannan shi ne tawakkali?

Musulunci ya amsa tun da daɗewa. Imam Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure kana ya dogara. Haka kuma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba a wurin da ake kira Sarga, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, kamar yadda makiyayi kan zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe, duka biyun kuwa da hukuncin Allah. Watau bin sababi yana cikin dogaro ga Allah. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara kuma ta hana mutum jefa kansa cikin halaka.

Sababi a nan shi ne sanin halin ruwa. Ruwan da ke faɗowa daga bisa yakan haƙa rami mai zurfi a gindin dutse, ya riƙa juyawa yana jan abin da ya shiga zuwa ƙasa. Farin kumfan da ke birge ido iska ce gauraye da ruwa, ba ya ɗaukar jikin mutum kamar ruwa mai kwanciya. Duwatsun gefe suna da santsin gansakuka. Da damina kuwa, ruwan saman da aka yi a nesa kan cika kogi farat ɗaya alhali rana na haskawa a inda ake wanka. Wanda ya ƙi tambayar mutanen wurin ya faɗa, ya saki raƙumarsa ke nan.

Wani zai ce ai hadisi ya lissafta wanda ruwa ya ci cikin shahidai. Gaskiya ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma wannan bushara ce ga wanda masifa ta afka wa, da lallashi ga iyayensa. Ba ta zama izini ga mai neman a yaba masa ba, balle ga abokan da suka zuga shi. Su waɗannan za a tambaye su, domin rai amana ne, na mutum da na ɗan'uwansa.

Saboda haka wajibi ne ga mai shirya irin wannan tafiya ya nemi iznin iyaye, ya ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ya hana wanda bai iya iyo ba wuce ruwan gwiwa, a suturta al'aura, a tsai da salla a kan lokacinta, kada kuma a ɓata ruwan da mutanen ƙauye ke sha. In an yi haka, sai a dogara ga Allah, abin da Ya hukunta kuma ba a zargin kowa a kansa.

Allah Ya kiyaye 'ya'yan Musulmi a tudu da ruwa, amin.